Daren da Sifikar Hajiya Ta Yi Magana

Akwai wasu Turawa biyu da ba su san da zamana a duniya ba, amma in za a auna yawan maganar da ta shiga kunnena a 'yan shekarun nan, sun wuce shugaban wurin aikinmu, sun wuce 'yan majalisarmu ta bakin titi. Uwargida ce kaɗai take ba su rata, ita ma ba da yawa ba. Sunansu Chad Fifer da Chris Lackey, 'yan Amurka ne, abokan juna tun suna samari, ɗaya daga cikinsu ya koma Ingila da zama. Tun 2009 suke gabatar da wani fodkas, wato irin shirin rediyon nan da ake saukewa a waya a saurara sanda aka ga dama, mai suna H.P. Lovecraft Literary Podcast. Daga baya sun sauya masa suna zuwa Strange Studies of Strange Stories, amma ni har gobe da tsohon sunan nake kiransa.

Aikinsu ɗaya ne: su ɗauko labarin ban tsoro su bi shi daki-daki. Ana cikin hira sai su yi shiru, a saki wani kiɗa mai tayar da tsikar jiki, wani mai kakkaurar murya ya karanto yanki daga cikin labarin, sannan su dawo su ci gaba da sharhi. Sun fara da labaran Howard Phillips Lovecraft, suka bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, sannan suka koma kan marubutan da shi kansa ya yaba a wata doguwar maƙala da ya fitar a 1927, irin su Edgar Allan Poe da Arthur Machen da Algernon Blackwood da M.R. James.

Shi wannan Lovecraft, a birnin Providence na jihar Rhode Island aka haife shi a 1890, a can kuma ya rasu a 1937 yana da shekara 46, cikin talauci da ciwon dajin hanji. Yawancin labaransa a wata mujalla mai arha ya sayar da su, Weird Tales, wadda ta fara fitowa a 1923. Wanda ya fi so a cikinsu, The Colour Out of Space, wata mujallar ce ta buga, ta biya shi dala 25 ta share hannu. Labaransa ba na fatalwa mai farin ƙyalle ba ne. Tsoron da yake tallatawa shi ne cewa akwai wasu tsofaffin halittu a ƙarƙashin teku da can tsakanin taurari waɗanda ko ƙin ɗan Adam ba su yi ba, don ba su ma lura yana nan ba. Kuma kusan duk hanya ɗaya labaran suke bi. Wani malamin jami'a zai gaji akwatin takardu. Za a ce masa kada ya karanta, ya karanta. Za a ce kada ya je wuri kaza, ya je. A can zai ga wani abu da marubucin zai cika shafi guda yana rantsuwar ba ya kwatantuwa, sannan ya kwatanta shi tun daga kai har ƙafa, sai malamin ya yanke jiki ya faɗi. Ban taɓa ganin maza masu saurin suma irin na Lovecraft ba.

To amma ba don dodanni na liƙe wa shirin ba. Don sakin layi ne. Mutanen nan biyu ba su iya miƙe hanya ba. Ana tsaka da bayanin yadda wani abu ya taso daga ƙarƙashin teku, sai ɗaya ya tuno wani tsohon fim da ya kalla yana yaro, ɗayan ya musa masa, daga nan a faɗa wani zancen da ba shi da haɗi da teku ko kusa, a yi dariya har a shaƙe, dodo yana can tsaye a bakin ruwa yana jiran a dawo kansa. A irin wannan yawon ne mutum yake tsintar abin da babu shi a cikin labarin: cewa mai ƙirƙiro dodannin ruwa ko warin kifi ba ya ƙauna, cewa in ya ga askirim hankalinsa gushewa yake yi, cewa da kyanwowin unguwa yake abota, cewa sanyi kaɗan yake kayar da shi, cewa ya rubuta dubun-dubatar wasiƙu yana zaune yana cin wake na gwangwani, cewa ya yi aure a 1924 ya koma New York, a 1926 kuma ya tattara ya dawo gida wurin 'yan'uwan mahaifiyarsa. Hanyar maƙabarta da dare, in ku biyu ne kuna gardamar ƙwallo, gajeriya ce. Aikin da surutun nan yake yi ke nan, sai dai a lokacin ban taɓa zama na yi tunaninsa haka ba, ni dai na san ina jin daɗi.

Uwargida ta daɗe tana ƙorafi. Ta ce mutum ya kwanta cikin duhu, ya toshe kunne da iyafis, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, in an tambaye shi ya ce labarin tsoro yake ji, wannan ko a gaban alƙali ba bayani ba ne. Amma ba ita ta jawo mini ba. Ɗan yayata ne, wanda yake koyon kwamfuta, kuma ya kai matakin nan da yaro yake ganin duk abin da ke duniya gyara yake buƙata. Ya ɗauki wayata ya saurari rabin shiri, ya ajiye ya girgiza kai.

"Kawu, ai data kawai kake ƙonawa. Rabin abin nan surutu ne. Bari in tace maka."

Na ce masa ya bar mini kayana. Ya ce ba zai taɓa na asalin ba. Da yamma ya dawo yana murmushi, ya ce ya yanko wuraren karatun kaɗai daga shirye-shirye da dama, ya jera su, ya haɗe su wuri guda, babu dariya, babu musu, tsagwaron labari. Har suna ya sa wa abin: "Na Kawu Tatacce."

A lokacin uwargida tana jego, mahaifiyarta kuma, Hajiya, ta zo daga ƙauye tana kula da wanka da kunun kanwa. Saboda haka aka kore ni daga ɗaki, na koma falo da katifata. Hajiya tana da wata 'yar sifika mai kamar gwangwanin madara da take jin karatu da wa'azi da ita. A ranar da rana katin da ke cikinta ya ƙi yi, sai na haɗa ta da wayata ta bulutut na sa mata karatu, na ƙure mata murya don kunnenta ya ɗan yi nauyi. Ta sa mini albarka. Da aka gama na koma harkokina, ita kuma ta ajiye sifikarta a kan durowa kusa da gadon jaririya, a kunne, yadda ta saba.

Watan Afrilu ne, zafin Kano ya kai inda bango ma huci yake yi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi biyu na bankwana ta tsaya. Barci ya ƙi zuwa. Na sa iyafis na danna Tatacce.

Da The Rats in the Walls ya fara, labarin 1924 na wani Ba'amurke da ya koma Ingila ya gyara tsohon gidan kakanninsa, ya riƙa jin gudun ɓeraye a cikin bango, ba mai ji sai shi da kyanwowinsa, har ya bi su ƙarƙashin gidan ya tarar da abin da kakannin suke kiwo suna ci. Na san labarin sarai. Na taɓa jinsa ina cin gyaɗa. Amma a da, duk inda mai karatu ya kai ƙarshe, akwai wanda zai yi gyaran murya ya faɗi wata shirme, in saki numfashi. Yau mai karatu ya kai ƙarshe, na buɗe baki ina jiran dariya, sai kiɗan ya sake tashi, muryar ta ci gaba. A daidai nan ɓerayen silin ɗinmu, waɗanda muka shekara muna zaman lafiya da su, suka fara atisaye. Na zare kunne ɗaya na saurara. Gudu suke daga gabas zuwa yamma, su tsaya daidai saitin kaina, su yi shawara, su koma.

Na mayar da iyafis don in guje musu, sai na faɗa hannun Cool Air. Wannan labarin wani likita ne, Dakta Muñoz, a wani gidan haya a New York, wanda ɗakinsa kullum sanyi ƙalau saboda wani injin sanyaya ɗaki da ya haɗa da kansa. Wata rana injin ya lalace, ya sa maƙwabcinsa yawon neman ƙanƙara, aka yi ta zuba masa a baho, ba ta isa ba. Da aka buɗe ƙofa sai aka tarar ya narke, ya bar takarda yana bayanin cewa ai shekara 18 ke nan da mutuwarsa, sanyin ne ya riƙe shi. Ina kwance cikin zufa, babu wuta, firij ɗinmu a lungun falo yana ɗigar da ruwa a kan siminti, ɗis, ɗis. Na tashi zaune na haska shi da fitilar waya. Firij ne. Na koma na kwanta ina fuskantarsa, don kada ya zo ta baya.

Sai aka shiga The Call of Cthulhu, wanda ya rubuta a 1926 aka buga a 1928, mai dodon nan da yake barci a wani birni da ya nutse a tekun Pasifik, kansa irin na halittar ruwan nan mai hannuwa takwas, bayansa da fukafukai. A cikin labarin akwai inda 'yan sanda suka kama wasu 'yan tsafi a fadamun Louisiana suna rera wata magana da ba ta kowane harshe ba ce, kusan baƙaƙe ne zalla aka cusa wuri ɗaya, mai karantawa sai ya yi kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Ana dab da nan iyafis ya yi wani ɗan kuka a kunnena ya mutu. Caji ya ƙare. Shiru. Na ce alhamdulillahi, Allah ya raba.

Sai na ji muryar namiji a cikin ɗakin matata.

Wata irin murya ce mai kauri, a hankali take magana, daga cikin maƙogwaro, kuma abin da take faɗa ba Hausa ba ne, ba Larabci ba ne, ba Turanci ba ne. Wanda ya san yadda murya take sauyawa in ta bar cikin kunne ta koma gwangwani a bayan ƙofa, zai yi mini uzuri. Ban gane ta ba. Na ji Hajiya ta saki salati da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na ji uwargida tana kiran "Abban yara! Abban yara!" Na miƙe tsaye, waya a hannu, fitilarta a kunne, kuma ina so a rubuta cewa ƙofar ɗakin na nufa. Ƙafafuna ne suka ga ta waje ta fi kusa. Niyyata in kira Baba Maigadi, don ya taɓa aikin soja kuma yana da gora.

Ina ratsa tsakar gida muryar ta fara sarƙewa, tana yankewa tana dawowa. Ina isa bakin get ta ɗauke ɗif. Bulutut ba ya wuce kamar mita goma, in akwai bango ma bai kai haka ba, wannan kowane yaro ya sani, ni ma da rana na sani. Na tashi Baba Maigadi, ya ɗauko gorarsa da tocila, maƙwabcinmu na sashen hagu ya fito da taɓarya da gajeren wando. Muka tunkari sashena, su a gaba ni a baya. Muna zuwa bakin baranda muryar ta dawo, daga inda ta tsaya. Muka ja da baya a guje, ta yi shiru. Muka matso, ta ci gaba. Baba Maigadi, da yake ya san dabarun yaƙi, ya ce kowa ya tsaya, a riƙa shiga ɗaya-ɗaya. Ya shiga shi kaɗai, shiru. Mai taɓarya ya shiga, shiru. Ni na ɗaga ƙafa na taka baranda, sai abin ya yi gurnani.

Duk suka juyo suka haske ni.

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, carbi a ɗaya hannun. Ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba tun da na auri 'yarta, saboda kunyar surukuta. Ranar ta kalle ni. Ta ce da Baba Maigadi, ba da ni ba, "Malam, a fitar da shi waje tukuna. Shi yake bi."

A bencin Baba Maigadi na ƙarasa daren, sauro suna ta'aziyya. Wajen asuba na duba waya don ganin lokaci, na ga sunan sifikar Hajiya a saman allo da Tatacce a tsaye a minti na arba'in da wani abu. Na nuna wa Baba Maigadi. Ya duba, ya duba, ya ce shi bai yi boko ba, amma abin da ya gani da idonsa ya gani. Jaririyar, an ce, ko motsi ba ta yi ba duk daren.

Da hantsi aka kafa zama a falona. Hajiya ta aika an kira Alaramman unguwa mai ruƙiyya, an kira yayan uwargida, wanda yake da gidajen haya kuma yake ganin tun farko an yi gaggawar ba ni ƙanwarsa. Baba Maigadi ya zo a matsayin shaida. Aka ajiye sifikar a tsakiyar tabarma, an rufe ta da kwando. Uwargida tana bayan labule, ina jin ƙarar dariyar da take dannewa, don ita tun asuba ta gano zancen, ta dai ga bai kamata ta ɓata wa mutane taro ba.

Na sa aka nemo ɗan yayata. Ya zo yana sunkuyar da kai, ya ɗage kwando, ya haɗa waya da sifika, ya sa karatu, ya fita da wayar zuwa get, karatu ya tsaya, ya dawo, karatu ya ci gaba. Alaramma ya gyaɗa kai. Mutum ne mai natsuwa, yana da wayoyi biyu.

"To, Malam, mun gane ta inda ya shigo," in ji shi. "Saura mu ji me yake cewa."

Na ce ƙagaggen labari ne, Allah gafarta Malam, irin tatsuniyar Dodo, sai dai ta Turawa ce. Ya ce in ba su misali. Na ga labarin likitan nan ya fi sauƙin bayani, na faro shi tiryan-tiryan. Na kai inda injin ya lalace aka fita neman ƙanƙara, sai Hajiya, wadda tun safe ba ta ce mini uffan ba, ta tambayi bango, "Nawa suke sayar da ƙanƙarar a can?"

Na ce labarin bai faɗa ba, Hajiya.

Ta ce ai da azumin bara, ƙanƙarar da ba ta kai tafin hannu ba, kuɗin da aka ce mata sai da ta zauna. Yaya ya ce wannan laifin masu firij ne da suke ɓoye ta sai dab da magariba. Baba Maigadi ya ce a barikin da ya zauna akwai wani kofur da yake tauna ƙanƙara kamar gyaɗa, haƙoransa kuma har ya yi ritaya ba wanda ya faɗi. Aka tafi kan haƙori, daga haƙori aka koma kan asuwaki da man goge baki, Alaramma ya kawo fa'idodin asuwaki. Da ƙyar na samu na kutsa na ce, to, shi dai likitan nan ashe shekara 18 ke nan da rasuwarsa. Yaya ya gyara zama.

"Kuma yana biyan kuɗin haya?"

Na ce da alama yana biya, Yaya, don mai gidan ba ta kore shi ba.

Ya tafa hannu ya juya wurin Alaramma. Ya ce a ji fa, gawa tana biyan haya a kan lokaci, shi kuwa yana da masu rai, lafiyayyu, masu albashi, da suka shekara suna ce masa gobe. Ya fara lissafo su da sana'o'insu. Alaramma ya yi nasiha a kan bashi. Likita yana can a narke, ba wanda ya koma ta kansa.

Da aka lafa Alaramma ya dawo kan maganar da aka ji da dare, ya ce ita ce damuwarsa, ko an ɗauko ta daga wani littafi ne. Nan na yi ganganci na ambaci Necronomicon, littafin da Lovecraft yake yawan sawa a labaransa, wanda ya ce wani Balarabe mutumin San'a ta Yaman, Abdul Alhazred, ya rubuta, kuma wani abu da ba a gani ya cinye shi da rana tsaka a Dimashƙa a shekarar 738. Alaramma ya ajiye carbinsa. Ya tambaya ko irin Shamsul Ma'arif ne. Na rantse masa babu littafin, babu Balaraben, duk shi ya ƙaga su, sunan ma tun yana ɗan shekara biyar ya laƙaba wa kansa bayan ya ji labaran Dare Dubu da Ɗaya. Na ce tun yana raye mutane suke rubuto masa wasiƙa suna tambayar inda za su samu kwafi, yana ba su haƙuri. Alaramma ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ashe ko'ina akwai su, shi ma akwai wanda ya taɓa zuwa da kuɗi yana neman layar ɓata don ya shiga jarrabawa. Ya ba da labarin, da na wani, da na wani. Ni ma, da na ga hanya ta buɗe, na ce ai a shekarar da Lovecraft ya rasu, 1937, a ita aka fara buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku yake jan labari cikin labari don kawai ya hana ɗan sarki fita. Hajiya ta ce mahaifinta ya taɓa kiwon aku, mage ta cinye shi. Aka yi jimamin akun.

Ban so in rufe su a kan halin mutumin ba, don masu shirin ma ba sa rufewa, kuma yana cikin abin da ya sa nake ganin girmansu. Na ce Lovecraft ya ƙi jinin baƙar fata, ƙiyayya mai muni ko a ma'aunin zamaninsa, har a sunan kyanwar da ke labarin ɓerayen ya sa zagi. Na ce akwai wata babbar lambar yabo ta marubuta da a da ake bayar da gunkin kansa, a 2011 Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya, ta ci ta da littafinta Who Fears Death, ta fito ta faɗi yadda ta ji da ajiye fuskar irin wannan mutum a gidanta, kuma bayan 2015 aka daina ba da gunkin. Falon ya yi tsit. Hajiya ta gyara mayafi.

"Kuma ka ce ba ya cin kifi?"

Na ce ko warinsa, Hajiya.

Ta ce to ai ga shi nan. Duk wanda ya ƙi mutane ya ƙi kifi, me ya rage masa in ba wake na gwangwani ba? Baba Maigadi ya ce a yi wa kifi adalci, akwai na ruwan Baga akwai na kwali, ba ɗaya ba ne. Yaya ya ce tarwaɗa, Alaramma ya ce ragon ruwa. Ana cikin wannan aka kira azahar. Aka dubi juna. An zauna tun hantsi don a yanke hukunci ko ina da aljanu, ba a ko taɓo batun ba.

A bakin ƙofa, yana sa takalmi, Alaramma ya yanke shi a tsaye. Ya ce shi bai ga abin ruƙiyya ba, sai dai in firij ɗin ne. Ya ce in rage jin irin waɗannan bayan isha'i, in kuma dole ne, to in ji mai dariyar, don a ganinsa wanda aka tace ɗin ne mai cutarwa. Ɗan yayata ya buɗe baki zai kawo batun data, Yaya ya kalle shi, ya rufe.

Hajiya ta ƙara makonni a gidan, kuma tun daga ranar, in an idar da magariba, sai ta ce da uwargida, "Tambayi mijinki ko akwai saura." Na ɗauko musu At the Mountains of Madness, dogon labarin masu bincike da suka je ƙasar ƙanƙara ta Antaktika suka tarar da wani tsohon birni a bayan duwatsu, wanda editan Weird Tales ya ƙi karɓa a 1931, sai a 1936 wata mujallar ta buga. Mun kai inda suka shiga ramin ƙarƙashin birnin suka haɗu da wasu tsuntsayen fengwin farare, makafi, masu tsawon ƙafa shida. Hajiya ta tambaya ko ana cinsu, in ana ci mutum nawa ɗaya zai ƙosar, kuma wa zai riƙe shi a yanka. Har ta koma ƙauye ba mu fita daga ramin nan ba.

Baba Maigadi har yanzu ba ya yarda mu haɗu a baranda da dare, sai ya ce in wuce tukuna. Na goge Tatacce, ɗan yayata kuma ya koma gyara hotunan biki. Mai son ya gwada shirin, ya sauke shi yadda masu shi suka yi shi, da musunsa da dariyarsa, kada ya bari wani mai kwamfuta ya taimake shi. Kafin ya kwanta kuma ya duba ko sifikar wa wayarsa ta sani a gidan.